Tarihin 'Yar Tayar Da Ta Sa Na Zargi Mai Ɗaukar Hoto

Akwai wani sharhi da na taɓa yi a kan wani shiri mai dogon zango, wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta kama ni. A cikin shirin akwai wani sin da aka ɗauka a falo da daddare, uwa tana yi wa 'yarta faɗa a kan maganar aure. 'Yan wasan sun yi ƙoƙari, amma hoton ya ɓata komai: haske ya ƙaru, ya ragu, can kuma sai ga wasu baƙaƙen layuka suna gangarowa a jikin bango kamar ana sauke labule. Ni kuwa da ƙuruciya da zafin alƙalami sai na rubuta cewa da alama mai ɗaukar hoton gyangyaɗi yake yi a bayan kyamara.

Bayan 'yan makonni muka haɗu da shi a wani lokeshan. Mutum ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, tun zamanin kaset yake wannan sana'a. Na gaishe shi ina ɗari-ɗari. Bai yi mini faɗa ba. Jakarsa kawai ya buɗe ya ɗauko kyamarar da ya yi wancan aikin da ita, ya kunna, ya miƙo mini, ya nuna wata 'yar taya da ke bayan maɓallin ɗauka, ya ce, "Malam, murɗa wannan zuwa dama sau uku, ka riƙa kallon lambar."

Lambar tana kan 50. Na murɗa sau ɗaya ta koma 60, daidai ke nan. Na sake murɗawa, maimakon 80 sai ta dawo 40. A na uku ta yi tsalle ta dira a kan 125. Ya karɓi abarsa ya ce, "To ka ga mai gyangyaɗin."

Na ce, "Oga, a yi mini afuwa." Ya ce ba komai. Amma tun daga ranar na ƙudura sai na bi sawun wannan 'yar taya, wadda masu sana'ar ke kira dayal, ni kuma zan kira ta mamurɗi, tunda murɗa ta ake yi kamar yadda ake murɗa tashar rediyo. Ashe tarihinta doguwar tafiya ce, kuma ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Kyamarar farko da ta shiga hannun gama-garin mutane ba ta da wani mamurɗin saita haske. Ita ce Kodak ta George Eastman, wadda ta fito a Amurka a 1888. Akwati ne ɗan ƙarami da aka ɗura wa fim na hoto 100. Ka danna, ka naɗe, in ya ƙare ka aika da akwatin ɗungurungum zuwa kamfanin a garin Rochester, su wanke hotunan su sake ɗura maka wani fim su dawo maka da kayanka. Mai kyamara ba shi da ta-cewa a kan haske. Abin da rana ta ba shi, shi zai karɓa.

Wadda ta yaɗa ɗabi'ar saiti da yatsa a ƙaramar kyamara ita ce Leica, ƙirar wani Bajamushe mai suna Oskar Barnack, wadda aka fara sayarwa a 1925. A samanta akwai wani ɗan ƙarfe zagayayye da aka zana wa lambobi. Wannan ƙarfen a haɗe yake kai-tsaye da injin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga. Haɗin ya kai ga cewa idan ka danna ka ɗauki hoto, kana gani mamurɗin zai juya da kansa tare da labulen, kuma idan yatsanka ya tokare shi hoton ya lalace. Sannan sai ka naɗe fim tukuna kafin ka saita lamba. Wahala ce, amma tana da wata fa'ida guda: abin da idonka ya gani a rubuce a jikin ƙarfen, shi ne abin da ke faruwa a ciki. Haka ma zoben da ke jikin lens, wanda ke faɗaɗa ƙofar haske ko ya tsuke ta, hannunka ne yake tura 'yan faifan ƙarfen da ke ciki. Da irin wannan tsari na awo da murɗa zobe da hannu aka yi finafinan silima na da, har da namu irin su "Shaihu Umar" na Adamu Halilu a 1976.

A wannan shekara ta 1976 ɗin ne kamfanin Canon na Japan ya fito da AE-1, kyamarar da aka sa wa 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki, aka kuma sayar da miliyoyinta. Daga nan lantarki ya fara ƙwace aikin ƙarfe da sifirin. Masu ƙira suka ɗauki zazzaɓin maɓalli, kowa yana ganin mamurɗi tsohon yayi ne. Pentax ME Super ta 1979 ta zo da maɓallai biyu, ɗaya na ƙarawa ɗaya na ragewa. Canon T70 ta 1984 ma haka, ga kuma Minolta 7000 ta 1985, wadda ta yi suna saboda tana saita fokos da kanta. Sai dai masu ɗaukar hoton jarida ba su ji daɗin abin ba. Mutumin da gwamna ke fitowa daga mota a gabansa ba shi da lokacin danna maɓalli sau bakwai.

Maganin ya zo a 1986 a jikin Canon T90, wadda wani Bajamushe mai zanen kaya, Luigi Colani, ya sa hannu a fasalinta. A bayan maɓallin ɗauka suka dasa 'yar taya mai tsaga-tsaga, daidai inda manuniya ke hutawa. Abin lura a nan shi ne, babu lamba ko ɗaya a jikinta, kuma ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ko kwana za ka yi kana juya ta ba za ta tsaya ba. Dalili kuwa, ba ta haɗe da shota, ba ta haɗe da ƙofar haske. 'Yar aike ce kawai. Aikinta ta gaya wa ƙwaƙwalwar kyamara cewa maigida ya murɗa taki ɗaya dama, ko taki biyu hagu, ita kuma ƙwaƙwalwar ta zartar. A 1987 aka fito da jerin EOS, inda aka cire zoben ƙofar haske daga jikin lens gaba ɗaya, saƙo ya koma bi ta wasu 'yan ƙarafa masu ruwan zinare da ke bakin lens ɗin. A 1989 kuma EOS-1 ta ƙara wata babbar taya a baya don babban yatsa. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Kusan duk kyamarar da ka gani a hannun ƙwararre a yau, fasalin nan ne a jikinta: ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

To duk wannan badaƙala mu ba a yi ta da mu ba, domin ta wata ƙofar daban muka shigo. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a Kano a 1990, kayan aikin zamanin shi ne kyamarar bidiyo mai cin kaset ɗin VHS sukutum, irin wadda ake saɓawa a kafaɗa a ɗauki biki da suna da walimar saukar karatu. Masu ƙera ta sun yi ta ne don magidanci ya ɗauki iyalinsa, saboda haka kusan komai ita take yi wa kanta. Duk wanda ya koma ya kalli finafinanmu na farkon shekarun 1990 da idon basira zai ga sakamakon. Jarumi yana tsaye yana magana fuskarsa tas, sai wani Alhaji ya shigo da farar babbar riga, nan take kyamara ta tsuke ido saboda farin, fuskar jarumin ta koma baƙi ƙirin. A buɗe ƙofar ɗaki hasken tsakar gida ya shigo, kowa ya koma inuwa. Masu kallo a lokacin ba su damu ba, daɗin ganin nasu a talbijin yana magana da harshensu ya rufe komai. Ni dai a ganina, wannan dogaro da na'ura ya bar mana wata ɗabi'a da ta daɗe ba ta sake mu ba, ta ɗaukar haske a matsayin abin da ke faruwa da kansa kamar ruwan sama.

Zuwan ƙaramin kaset na MiniDV ya ɗan canza lamarin. Sony ta fito da VX1000 a 1995, sannan PD150 a 2000, kuma sannu a hankali irin waɗannan suka zama kayan aikin 'yan fim a Nijeriya, Kudu da Arewa. Suna da wurin saita haske da hannu, kuma masu ɗaukar hoton da suka samu horo a gidajen talbijin sun san amfaninsa. Amma ciwon kan wancan zamanin yana wani wurin: ƙura ta hau kan da ke karanta kaset, a dawo wajen tacewa a tarar hoto yana tsinkewa gida-gida.

Babban juyin ya zo daga inda ba a zata ba, wato daga kyamarar hoton kati. A 2008 Nikon ta fitar da D90, ta farko a irinta da ke ɗaukar bidiyo. Cikin wannan shekarar Canon ta biyo da 5D Mark II, mai ɗaukar bidiyo tangaran, kuma farantin da ke karɓar haske a cikinta girmansa milimita 36 da 24 ne, wato daidai girman gidan hoton da Barnack ya yanka wa Leica shekaru fiye da 80 kafin nan. Wannan girman ne ke ba da hoton nan da jaruma ke fitowa raɗau, bayanta kuma ya narke ya yi dishi-dishi, abin da a da sai a finafinan Indiya da na Amurka muke gani. Abin dariyar shi ne, da farko kamfanin bai ba mutane damar saita haske da hannu a lokacin ɗaukar bidiyo ba. Ga mamurɗai biyu a jiki, amma da ka shiga bidiyo sun zama ado. Sai da masu shirya finafinai suka yi ta ƙorafi, sannan a tsakiyar 2009 aka fitar da sabuwar manhaja da ta buɗe su. A 2010 har an ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin "House" na Amurka da ita. Ba a daɗe ba ita da ƙannenta irin su 7D suka cika lokeshan-lokeshan a Kano da Kaduna da Jos, saboda kuɗinsu bai kama ƙafar na manyan kyamarorin silima ba.

Wato sai a wannan lokacin ne haske ya dawo ƙarƙashin yatsan mai ɗaukar hotonmu sosai da sosai. Amma fa ta hannun 'yar aike ya dawo, kuma 'yar aike tana iya kai saƙon da ba shi aka ba ta ba.

Wani mai gyara a Sabon Gari ya taɓa buɗe mini mushen wata kyamara ya nuna mini cikin mamurɗin. Abin bai fi girman maɓallin riga ba. A yawancinsu akwai ɗan faifai da aka shimfiɗa wa zanen ƙarfe tsalle-tsalle, kamar haƙoran matsefi, sai wasu 'yan yatsun ƙarfe sirara da ke gogar sa idan yana juyawa. Biyu daga cikin yatsun su ne masu kai labari, kuma an ɗan goce da su ta yadda ba sa taɓa ƙarfen a lokaci guda. In ka murɗa dama, na farko ne ke riga taɓawa, na biyu ya biyo. In ka murɗa hagu, na biyu ne ke riga. Iyakar abin da ƙwaƙwalwar kyamara ke dubawa ke nan: wa ya riga? Ƙarar "ƙas-ƙas" ɗin da kake ji kuwa wani ɗan sifirin ne daban ke faɗawa cikin gurbi, ba ruwansa da saƙon. Shi ya sa za ka ji ƙarar lafiya lau amma lamba ba ta motsa ba.

Yanzu a ce datti ya kwanta a kan hanyar yatsa na farko. Ka murɗa dama, shi bai samu taɓa ƙarfe a kan lokaci ba, na biyu ya riga shi, sai ƙwaƙwalwa ta ce ai hagu aka murɗa. Abin da ya mayar da ni daga 60 zuwa 40 ke nan. Ko kuma yatsan ya yi ta karkarwa a kan dattin, ya taɓa ya saki, ya taɓa ya saki, a ƙirga taki ɗaya a matsayin huɗu ko biyar.

Datti kuwa ai gida ya zo. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi laushinta ya kai na garin fulawa, babu kafar da ba ta shiga. Ga gumin yatsa mai gishiri a watan Afrilu, ga man shafawa, ga hodar kwalliya, ga wanda zai ci gurasa da ƙuli a lokeshan ya goge hannu a wando ya koma kan kyamara. Damina ta zo laima ta sa ƙarfen ya yi dusu-dusu. Sannan mu tuna yawancin kyamarorin nan na hannu ne, sun gama yi wa wani Bature aiki kafin su iso mu, a nan kuma haya ake ba da su, yau suna hannun wannan gobe suna hannun wancan, ba mai tausayinsu.

Na tambayi Ogan nawa abin da ya faru a daren da aka ɗauki wancan sin ɗin. Ya ce da janareto suke aiki. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙyaftawa tare da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Shi ya sa ake ajiye shota a kan 50 ko 100, don ta yi daidai da bugun wutar. In ta goce zuwa 60 ko 125, sai layukan nan su bayyana, domin farantin kyamara layi-layi yake karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, wani layin ya dace da fitila a haske, wani ya dace da ita a dushe. Ana cikin ɗauka aka kunna wani abu mai jan wuta, janareto ya sauya murya, haske ya ɗan faɗi. Ya kai yatsa zai gyara taki ɗaya, mamurɗi ya yi tsalle. Ya murɗa baya, ya sake tsalle. Na ce me ya hana a sake ɗauka? Ya yi dariya ya ce mai gidan da aka ara ya ba su zuwa ƙarfe 10 ne, jarumar kuma da asuba za ta kama hanyar wani aikin, furodusa yana tsaye yana lissafin kuɗin mai. Darakta ya leƙa ɗan allon kyamara ya ce ai ba wanda zai lura.

Daga bakinsa da bakin mai gyaran na tattaro yadda ake bin wannan cuta, kuma dukkansu sun ce kada a fara da sukundireba. Sau da yawa ma ba cuta ba ce. Kyamarori da dama suna da makullin da ke kashe mamurɗin baya, wasu ma a jikin makunnin yake, mai matsayi uku, sai yaron kyamara ya tsaya a na tsakiya a yi ta salati ana cewa ta lalace. Haka nan in ba a kan M take ba, ko an bar ISO yana saita kansa, lambobi za su riƙa yawo ba tare da kowa ya taɓa komai ba. In akwai ƙarin gidan batir da ake ɗaurawa a ƙasa, a cire shi, domin yana da nasa mamurɗin, kuma in wancan ya maƙale tsakanin taki biyu yana iya rikita na sama. In lambar ƙofar haske ce kaɗai ke hauka, a sauya lens a gani, ƙila 'yan ƙarafan bakin ne ke son a goge su da ƙyalle mai tsabta. A cire batir na ɗan lokaci, a mayar da saiti yadda ya zo daga kamfani.

Akwai kuma wata cutar mai sauƙi da ke ruɗar mutane. A wasu kyamarorin robar da ke zagaye da tayar ce ke saki saboda zafi da maiƙo, sai ta riƙa zamewa ita kaɗai, tayar ciki ba ta motsa ba. Alamarta ita ce in ka danna da ƙarfi ka murɗa a hankali sai ya yi aiki. Wannan gogewa ce da ɗigon gam kaɗan a ƙarƙashin robar.

In duk an wuce waɗannan, to dattin ciki ne. A kashe kyamara a yi ta murɗa tayar gaba da baya, sau hamsin ko fiye, domin gogayyar kanta tana share hanya. A hura da 'yar robar hura iska, ban da baki, saboda tururin numfashi. Masu gyara kan ɗiga ɗan sinadarin wanke ƙarafan lantarki mai bushewa nan take, bayan sun cire batir. Mai gyaran nan ya rantse mini cewa an sha kawo masa kyamarar da aka ɗura wa man keken ɗinki, wata ma turare aka fesa mata wai ai akwai sifirit a ciki. Mai yana kama ƙura ne ya mayar da ita taɓo. Buɗe kyamara kuwa aikin masu shi ne: wayoyin ciki kamar takarda suke, kuma mai filasha a ka tana da wani ɗan tulu da ke riƙe wuta kusan bolt 300 ko da an cire batir. In yatsun ƙarfen sun cinye, ba sauran dabara sai sauyi, kuma a nan galibi daga jikin wata matacciyar ake ciro lafiyayyen.

Kamfanonin ma sun san hannu na kuskure. Canon 60D ta 2010 ta zo da ɗan maɓalli a tsakiyar mamurɗin sama wanda sai ka danna shi zai juya. Wasu kuma suka koma baya neman abin da aka bari: Fujifilm X100 a 2011 da Nikon Df a 2013 sun dawo da mamurɗai masu lambobi a rubuce irin na zamanin Leica, mutane suka yi ta murna. Sai dai kamannin ne ya dawo, a ƙarƙashinsu har yanzu saƙon lantarki ne ke tafiya. An gwada allon shafawa, an gwada saiti daga wayar hannu, amma mai ɗaukar hoton da idonsa ke kan fuskar jaruma yana jiran hawaye ya gangaro, abin da yatsansa zai lalubo ba tare da ya duba ba shi yake so.

Shi dai Ogan nawa bai samu kuɗin sauya nasa ba a lokacin. Abin da ya yi shi ne ya shiga cikin saiti ya mayar da aikin shota kan tayar baya, ya sa lens irin na da mai zoben ƙofar haske a jiki, sannan ya yanko baƙin salatif ya liƙe tayar gaban gaba ɗaya don kada yatsa ya manta. Da haka ya ƙarasa sauran kashi 9 na shirin. Na koma na kalle su ɗaya bayan ɗaya ina neman inda haske ya yi rawa, ban samu ba.